Makullin da Na Binne a Bakin Teku

Tekun Dubai ba mai yawan fushi ba ne. Galibin shekara a kwance yake kamar ruwan randa. Sai a watannin sanyi, idan iskar arewa ta kwana tana kaɗawa, yake tashi ya yi igiyoyin da za su iya ɗaukar mutum. Ranakun nan kaɗan ne, kuma ba sa yin sallama kafin su zo, shi ya sa duk wanda ya koyi hawan igiyar ruwa a garin yake zama mai sauraron iska, kamar manomi a farkon damina.

Ni ban taso kusa da ruwan da ya fi kududdufi girma ba. Aikin kula da na'urorin sanyaya manyan gine-gine ne ya kai ni Dubai, muka zauna da iyalina a wani bene a unguwar Abu Hail. Wanda ya koya mini tsayuwa a kan allon hawan igiyar ruwa wani ɗan Zangon Kumasi ne, mai aikin lura da masu wanka a wani otal. A harabar masallacin Juma'a muka haɗu, na ji yana amsa waya da Hausa, na yi masa sallama. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kirana da komai sai Injiniya, kuma bai taɓa gajiya da kallona ina faɗuwa a ruwa ba.

Abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba shi ne matsalar makulli. Tufafi da waya da jakar aljihu ana kulle su a mota, to amma makullin motar fa? Nawa mai rimot ne, da ruwan gishiri ya shige shi ya tashi daga aiki, kuma guda ɗaya tak aka ba ni, domin motar ta hannu ce na saya. Wasu suna ɗora nasu a kan taya, wasu su cusa a bayan lamba, amma waɗannan wurare ne da kowane ɗan sane ya haddace. Gaskiya ne sata ba ta da yawa a garin. Duk da haka akan ji labarin masu zama a gefe suna lura da wanda ya shiga ruwa da kuma inda hannunsa ya tsaya kafin ya shiga, ni kuwa na fito daga garin da ba a barin takalmi a ƙofar masallaci ba tare da waiwaye ba. Abokina ba shi da wannan damuwa, bas yake hawa, waya ma a ɗaki yake barinta. Ni kuma maganin da na samu shi ne matata: takan zauna a inuwa da yara, makulli na cikin jakarta.

A wani lokacin sanyi mahaifinta ya zo aka yi masa aikin yanar ido, ya zauna da mu har ya warke. Tsohon ɗan kasuwar fatu ne, dogo, mai ƙarancin magana. Tsakanina da shi akwai kunyar da kowane Bahaushe ya sani. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, a durƙushe nake gaishe shi, kuma duk abin da yake so daga gare ni ta bakin 'yarsa yake zuwa. A gida mai zaure da tsakar gida wannan abu ne mai sauƙi. A ɗakuna biyu da falo, mai banɗaki a ƙarshen siririn lungu, sai da kowannenmu ya koyi gane takun ɗan'uwansa domin kada a yi kiciɓis.

Ranar tafiyarsa Juma'a ce, kuma ranar ce ta ƙarshe a bizarsa. Da daddare ya gaya wa 'yarsa cewa Allah Ya mayar masa da ganinsa, amma ga shi zai koma bai ga teku ba, domin lokacin da ya ƙetare shi a jirgi idon babu. Muka tsara zan kai shi da safe, daga can mu wuce masallaci, daga masallaci sai filin jirgi. Ƙaramin ɗanmu ya kwana da zazzaɓi, saboda haka matata ta yi bankwana da mahaifinta a ƙofar gida. Na ɗaure jakunkunansa da zaren ɗinkin buhu, na sa su a but ɗin mota, ragowar zaren na jefa a aljihu. Fasfonsa da tikitinsa na kulle su a aljihun gaban mota. Na kuma sa takalman fata da ya kawo mini tsaraba, domin ya ga na ji daɗinsu.

Tun kafin mu tsaya na ji ƙugin ruwan. Iska ta kwana tana aiki, igiyoyi na tahowa jere, ga abokina a bakin gaɓa da alluna biyu. Ya zo ya durƙusa ya gai da surukina, ya tambaye shi ido, ya ce yanzu Baba Alhaji zai koma gida ya ga duk waɗanda suka tsufa a bayan idonsa. Tsohon ya murmusa, ya tambaye shi me waɗancan mutane suke yi a tsaye a kan ruwa. Abokina ya yi masa bayani, sannan ya ƙara da cewa ai mijin 'yarsa ma ya iya, in ban da yawan shan ruwa. Surukina ya kawar da kai ya ce wa abokina, ba ni ba, to ai da an gwada an gani.

Na sha tambayar kaina ko umarni ne wannan, ko izini, ko kuwa maganar dattako ce kawai ta mutumin da ba ya son ya hana wani nishaɗinsa. Ina zaton na ji abin da nake son ji ne. Makonni ke nan teku bai motsa ba, kuma akwai sauran lokaci mai yawa kafin a kira salla.

Muka shimfiɗa masa darduma a inuwa. Abokina ya raɗa mini cewa in ba Baba Alhaji makullin ya riƙe, shi ke nan. Ban iya ba. A ganina, in miƙa wa mahaifin matata makulli in ce ya tsare mini, na mai da shi maigadi ke nan, ni kuma na tafi wasa. Na shiga mota na sauya kaya, na sa gajeren wando da matsattsiyar rigar ruwa, na kulle komai a ciki, in ban da takalman da wata leda da ragowar zaren. Na bi ta bayansa, na yi nisa a kan yashi har inda nake ganin ba zai gane ni ba. A nan na sa makullin a baƙar leda saboda danshi, na nannaɗe ta da ragowar zaren, na yi ta ƙullawa, ƙulli a kan ƙulli, domin kada yashi ya shiga. Na duba dama da hagu, na tona rami, na binne. Sai na kife takalmana a kai, domin in bambanta su da na sauran mutane idan na hango daga ruwa.

Na shiga. Sanyin farko ya ɗauke mini numfashi, sannan jiki ya saba. Igiya ta farko ta watsar da ni, ta biyu ta wuce ta bar ni, amma wata da ta biyo baya ta ɗauke ni sosai, na miƙe, allon na gudu a ƙarƙashin ƙafata shiru kamar ba ruwa yake yanka ba. Daga can ciki na hango farar babbar rigar surukina tana tafiya a hankali a gefen ruwa, yana dogara sanda. Na ji daɗi, na ce a raina yana gwada sabon idonsa.

Da na fito na nufi inda na bar takalman, babu su. Na yi gaba na dawo, na sake yin gaba. Yashi duk iri ɗaya ne, sawun mutane ya cika ko'ina, kuma ruwa ya riga ya jawo ni gefe ba tare da na sani ba, don haka ko daidai wurin ban tabbata ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne wani ya ga lokacin da nake binnewa. Na ruga wurin ajiye motoci. Motar na nan. Na leƙa ta gilashi na ga rigata a ninke, na ga aljihun gaba a rufe, fasfon na ciki, tazarar hannu ɗaya da ni.

Abokina ya iso yana ɗigar ruwa, na gaya masa. Ya ce mu fasa gilashi. Na ce ya dubi kanmu: mutum biyu cikin jiƙaƙƙen gajeren wando, babu mai takardar shaida a jikinsa, suna fasa mota a bainar jama'a. Dole wani ya kira 'yan sanda, kuma daidai ne ya kira, amma kafin a gama tabbatar da cewa motar tawa ce jirgi ya tashi. Masu yanka makulli kuwa ba sa buɗewa ranar Juma'a sai an sauko, ga shi babu waya a hannun kowannenmu. Idan jirgin ya tafi, gobe tsohon ya wayi gari a ƙasar mutane da biza da ta ƙare, a sanadiyyar wasan mijin 'yarsa.

Muka koma muka shiga tono. Muka ja layi a yashi, shi ta can ni ta nan, muna tafiya a kan gwiwa muna cusa yatsu. Na tono murfin kwalba da guntun igiya da ɓawon kifi. Wasu Turawa suka tsaya suka tambaya, suka taya mu kaɗan, suka wuce. Abokina ya ce da ya san gyaɗa za mu tona da ya zo da fartanya, amma ko shi dariyar ba ta kai masa ciki ba. Rana ta ɗaga, inuwar da muka bar surukina a ciki ta fara janyewa.

Can sai abokina ya ce ai Baba Alhaji ya yi yawo ta nan, in je in tambaye shi ko ya ga wanda ya ɗauki takalman. Na dubi jikina. Wandon ya manne, rigar ta fito da duk abin da tufafi ke suturcewa. Na ce ba zan iya tsayawa a gabansa haka ba.

"To, zauna da kunyarka, Injiniya," in ji shi. "Ni ba 'yarsa nake aure ba."

Ya tafi, ni kuma na ci gaba da tono ina satar kallo. Kafin ya isa sai na ga tsohon ya miƙe, ya nufi ruwa da saurin da ban san yana da shi ba. Bai dogara sandar ba, ya miƙa ta gaba, nesa da jikinsa, wani baƙin abu na lilo a bakinta. Abokina ya ƙara sauri ya cim masa a daidai inda kumfa ke taɓa yashi. Na ga suna magana, na ga tsohon ya ja sandar baya kamar mai shirin wurgi, sai abokina ya kama ta da hannu biyu. Ya juyo ya ɗago mini hannu.

Babu yadda zan yi. Na ɗauki allona na tsayar da shi a gabana kamar ƙyaure, na tafi a bayansa, da na isa na durƙusa, allon na tsakanina da surukina. Shi kuma ya ba teku fuska, ya ci gaba da yi wa abokina bayani kamar ba na wurin.

Ya ce yana cikin tafiya ya ga takalma a kife, tafinsu na kallon sama, abin da babu wanda ya samu tarbiyya zai wuce ya bari. Da ya sunkuya zai gyara sai ya gane su, domin shi ya zaɓe su da hannunsa. Ya ɗaga su ya ga yashin ƙarƙashinsu sabon tono ne. Ya sa sanda ya bincika, sai ga baƙar leda an ɗaure ta da zare, ƙulli ba adadi. Ya ce ya taɓa ganin irinta a zamanin da yake kasuwa, an tono ta a bakin rumfar wani maƙwabcinsa wanda ciniki ya ƙi masa ba dalili. Ya san mijin 'yarsa baƙo ne a ƙasar nan, yana aiki tare da mutane iri-iri, kuma duk inda Allah Ya ɗaukaka bawa akwai mai jin zafi. Bai taɓa ta da hannu ba. Ya karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ya saƙalo ta da sanda, ya kwashe takalman, ya koma dardumarsa. Ya ce a saninsa maganin irin wannan shi ne a ba babban ruwa ya tafi da ita, ga kuwa ruwa Allah Ya kawo wanda babu kamarsa.

Abokina ya tambaye shi me ya hana shi jefawa tun ɗazu.

"Yana cikin ruwan," in ji tsohon. "Yaya zan jefa masa ita a inda yake?"

Ya ce ya zauna yana jira in fito. Da na fito kuma ya dakata domin ya tabbata ba zan koma ba. Sai ya ga na tafi daidai wurin na durƙusa ina tono da hannu kamar wanda ake kira, a nan ya ga abin ya fara aiki, bai kamata a ƙara jinkiri ba.

Abokina ya sassauta murya, irin yadda ban taɓa jin ya yi ba. "Baba Alhaji, makullin motar ne a ciki."

Ledar na rataye a bakin sandar, iska na juya ta, kumfa na zuwa har ƙafafunmu tana komawa. Surukina bai juyo ba, amma a karon farko tun da na auri 'yarsa ya yi magana da ni kai tsaye.

"Wa ya ƙulla ta?"

"Ni ne, Baba," na amsa daga bayan allo.

"Takalman ma kai ka kife?"

"Ni ne."

Na zaci faɗa zai biyo baya, ko kuma shirun da ya fi faɗa ciwo. Sai na ji ya sauke numfashi mai tsawo, ya yi hamdala har ya maimaita, ya ce wa abokina ashe babu mai nufin yaron nan da sharri. Sannan ya miƙo sandar ta gefen allon, ya ce in kwance.

Yatsuna sun yi sanyi, ƙullin kuwa na yi shi da gaske. Sai da na sa haƙori. Makullin ya fito a bushe, ko ƙwayar yashi babu. Na riƙe shi na zauna a jiƙaƙƙen yashi. Na yi tunanin inda makullin zai kasance da abokina ya tsaya ya ƙara mini zolaya ɗaya kafin ya tafi, ko da tsohon ya kasance mai ƙarancin tausayi da bai damu da wanda ke cikin ruwan ba. Daga baya ne na fahimci cewa mu biyun kowa da abin da ya sauka daga ƙirjinsa a wannan wuri. Ni fasfo nake tunani. Shi kuwa tun da ya ɗaga takalman nan yake zaune shi kaɗai a kan darduma da tunanin zai hau jirgi ya bar 'yarsa da jikokinsa a garin da ake yi wa mai gidansu binne.

Abokina ya ce yalla, mu hanzarta, lokaci na tafiya. Na yi gaba da allona, na danna rimot tun daga nesa, fitilun motar suka ƙifta. Na sa kayana a gurguje, na buɗe aljihun gaba, na taɓa fasfon da hannuna kafin na fito na buɗe wa surukina ƙofa. Abokina ya rako shi yana riƙe da dardumar, yana gaya masa cewa in ya isa gida ya ba da labarin ya ga teku, ya kuma ga injiniyan da ke shuka makulli. Tsohon ya yi dariya har kafaɗunsa suka motsa. Takalmana kuwa ya miƙo mini su a jiƙe, domin ya riga ya wanke su da ruwan gorarsa yana addu'a.

Ban sake binne komai ba. A makon da ya biyo na sa aka yanka mini makulli na ƙarfe zalla, wanda ke buɗe ƙofa kawai. Shi nake ratayawa a wuya a ƙarƙashin rigar ruwa, mai rimot ɗin kuma ya zauna a ɓoye a cikin motar. Abu ne mai sauƙi, kuma ban san abin da ya hana ni tunaninsa tun farko ba.

A ranar kuwa, mun samu huɗuba ta biyu a wani masallaci da ke kan hanya. A mota bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba; yana kallon gine-gine ta taga, yana karanta manyan rubuce-rubucen Larabci a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A filin jirgi na tura masa kaya har aka auna, na raka shi iyakar inda ake barin mai rakiya. Na durƙusa na yi masa fatan sauka lafiya, ya sa mini albarka yana kallon wani wuri sama da kaina. Na tsaya daga nesa ina hangensa a layi. Layin na tafiya a hankali, har ya kai gaba, ya zaro fasfon daga aljihun ƙirjinsa ya miƙa. Jami'in ya buɗe, ya dube shi, ya dubi takardar, ya buga hatimi ya mayar masa. Ya wuce ciki.

Na koma mota na zauna, ban tayar da ita nan take ba. Gishiri ya bushe a hannuwana ya yi fari. Na kira matata na ce mata ya shiga. Ta yi hamdala, ta ce zazzaɓin yaron ya sauka, sannan ta tambaye ni ko Baba ya ga tekun da kyau. Na ce ya gani sosai, sauran bayani sai na iso.